Saƙon Saje Bulus Zuwa Rijiyar Ɓaure

Tun da na dawo daga ƙasar Faransa, wadda yanzu ake ce wa Nijar, ban samu sakewa ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a wurin aiki a tambaye ni, har matar maƙwabcina ta aiko a ji ko gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya bar saura. Saboda haka na zauna na rubuta shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, yadda ya faru. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Amma a sani, ba yawo na je ba. Aike na aka yi.

Da farko sai in faɗi wanda ya aike ni.

Sunana Sule, ni ne hedman ɗin leburorin hanya a nan Kazaure. Kafin wannan aiki soja ne ni, kuma wanda ya karɓe ni ina kurtu a Kano shi ne Saje Bulus. Shi ya koya mini tsayuwa, shi ya koya mini goge bindiga, shi kuma ya koya mini wannan bokon da nake rubutu da shi, da tsinke a kan ƙasa. Tare muka shiga jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama lokacin yaƙi. Kirista ne, irin wanda ba ya wasa da addininsa. Duk inda gari ya waye masa, ko cikin taɓo ne, sai ya durƙusa ya yi addu'a kafin ya taɓa komai. Yana da Littafinsa na Hausa a naɗe cikin ƙyallen tanti saboda ruwa. Ba ya shan giya, ba ya ashar, wannan kuwa a wurin saje abin mamaki ne. In lokacin sallarmu ya yi a daji, shi ke ɗaukar bindiga ya tsaya mana, ya ce, "Ku yi a natse, ba mai taɓa ku." Da azumi ban taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a gabanmu ba. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban taɓa ce masa ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a hanya, shi ya haɗa bindigata da jakata da nasa ya ɗauka yini biyu, yana tafe yana yi mini faɗa wai ina jan ƙafa kamar farar hula.

Da aka sallame mu ya zauna a Roni kusa da mishan, yana 'yar gonarsa, shi ke buga ƙarfen kiran mutane coci ran Lahadi. Matarsa ta riga shi, ba su bar ɗa ba. Duk ƙarshen wata nakan hau keke in je gaishe shi. In na iso sai ya fara duban takalmina kafin ya dubi fuskata.

Bana da damina ciwo ya kwantar da shi. Na je na same shi da hantsi, an fito da shi inuwa a kan tabarma.

Ya ce, "Kofur, zauna. Zan ba ka aiki."

Na ce, "To, Saje."

Ya ce shi ba mutumin nan ba ne. A gida Tanko ake ce masa, garinsu Rijiyar Ɓaure, gaba da Magarya. Uwarsu ta rasu suna ƙanana, yayarsu Gwamma ce ta raine su, shi da ƙanensa Nomau. Shekarar da Faransawa ke ɗibar samari gida-gida, sunansa aka bayar. Ya gudu. Yana Babura wani falke ya gaya masa cewa da ba a same shi ba, Nomau aka tafi da shi a madadinsa, yaron da bai gama girma ba.

Ya ce, "Ka ga abin dariya, Kofur? Na guje wa aikin wani Bature, na zo na yi wa wani shekara ashirin da biyar. Na roƙi Ubangiji gafara, na kuma gaskata ya ba ni. Amma Gwamma ban roƙe ta ba."

Na ce, "Me ya hana ka zuwa, Saje? Ai tafiyar kwana uku ce."

Ya ce, "Tsoro."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba, ko a Bama. Ya ce ko tambaya bai taɓa yi ba, in ya hango mutumin can a kasuwa sai ya sake layi, don kada a gaya masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Sannan ya ba ni umarni. In nemo Gwamma in tana raye. In gaya mata rayuwarsa duka, har addininsa, kada in rage komai. In roƙa masa gafararta.

Kafin a ba ni hutu a wurin aiki, ya rasu. Wasu suka ce ai tafiya ta faɗi ke nan. Na ce ban ji ya janye umarnin ba.

Ran Litinin na fito, bayan an fara girbi. Na shiga motar kaya mai zuwa Babura, na samu wuri a bisa buhuna kusa da wata tsohuwa mai kaji a akurki. Kafin mu kai Kanya Babba motar ta kafe cikin rairayi. Aka ce kowa ya sauko. Tsohuwar nan ta sauko da kajinta ta fara:

"Allah ya isa tsakaninmu da masu gyaran hanya! Suna can gindin bishiya suna barci, hedman ɗinsu ya fi su minshari."

Wannan ba sashen hanyata ba ne. Amma da na ga ana tura mota ba tsari, kowa na ihu, sai na kasa haƙuri. Na sa aka sassaro rassa aka jera ƙarƙashin taya, na sa direba ya rage iska, na jera maza, na ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Sau biyu muka tura ta fita.

Tsohuwa ta ce, "Kai kuwa ɗan nan ka san aiki. Da ma irinku ake ba hanya. Mece ce sana'arka?"

Na ce, "Hedman ne ni na hanya, Iya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, ashe da kai nake." Har muka isa Babura ana yi mini dariya.

A Babura na sauka a gidan Malam Buba, Bafillatani dillalin shanu, wanda na sani tun yana bi da garke ta wajenmu. Aka kawo mini fura da nono irin wadda ba a samun ta a kasuwa. Ya canza mini kuɗin guzuri zuwa sefa, ya faɗa mini gidan da zan sauka a Magarya. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya gyara zama.

Ya ce, "Malam Sule, in ba ka shawara? Gafara kake nema masa. Tsohuwa ce, a ƙauye. Ka ce soja ne, ka ce mutumin kirki ne, ka tsaya nan. In ka ambaci coci, ka ɓata aikinka da bakinka."

Na ce, "Cewa ya yi kada in rage."

Ya ce, "Ai ba ya nan balle ya ji."

Na ce, "Ni ina nan."

Ya girgiza kai ya ce sojoji ba a iya musu. Amma maganarsa ta bi ni har iyaka, don na san tana iya zama gaskiya.

Talata na bi wasu fatake masu jakuna zuwa iyaka. Mun isa rana ta take, muka tarar ofishin mutanen Nijar a rufe. Wannan ita ce al'ada ta farko da na gani: a wurinsu in rana ta yi tsaka aiki ya tsaya, ma'aikaci ya tafi gida ya kwanta, sai kusan la'asar ya dawo. Ban ga kyan wannan ba, ko da yake fataken sun ce in na daɗe zan saba. Da aka buɗe, wani saurayi mai kakin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ce in kawo takarda. Na miƙa masa wasiƙar da magatakardan hakimi ya rubuta mini. Ya juya ta gaba da baya ya ce wannan ba Faransanci ba ne, shi bai san da ita ba, in koma. Na tsaya. Ban yi gardama ba, ban kuma tafi ba.

Akwai wani tsohon mai gadi a bakin ƙofa, da lamba a ƙirjinsa. Tun da na iso yake kallona. Ya taso ya ce, "Kai soja ne."

Na ce, "A da."

"Na Ingila?"

"Na Ingila."

"Ina aka kai ku?"

Na ce, "Bama. Ku fa?"

Ya faɗi sunan wani wuri da ban iya riƙewa ba. Ya ce, "Me ya fi damun ku a can?"

Na ce, "Ruwa."

Ya ce, "Mu sanyi."

Sannan ya tambayi inda za ni, na gaya masa a taƙaice. Ya juya wajen saurayin ya ce, "Ɗana, bar shi ya wuce. Saƙon mamaci ya ɗauko." Saurayin ya ɗan yi ƙunƙuni ya buga mini hatimi. Ban tambayi sunan tsohon ba, har yau ina jin haushin kaina.

Shi ne kuma ya sa aka ba ni gaban mota zuwa Magarya, a nan na ji kunya ta biyu. Mun fara tafiya na ga direba ya riƙe hannun dama. Na ɗauka rami yake kaucewa. Can sai ga wata mota ta taho, shi kuwa bai koma ba. Na damƙe hannunsa na daka masa tsawa, "Koma hannunka!" Motar ta yi tangal-tangal, muka wuce juna lafiya.

Ya ce, "Malam, sake ni kada ka kashe mu! Nan ba Ingila ba ce, kowa dama yake bi!"

Na ba shi haƙuri, na zauna a kan hannuwana har muka isa. Duwatsun awon hanyarsu sun fi namu kusa da juna, sai mutum ya ga kamar sauri yake yi. Marmararsu kuwa ba laifi, sai dai ba sa fitar wa ruwa hanya yadda ya kamata.

Game da burodi, a gaya wa matar maƙwabcina gaskiya ne. Ya kai tsawon hannu, bayansa da tauri har ya yanke mini dasashi, sai da maigidan da na sauka a wurinsa ya nuna mini a tsoma shi ake yi. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, in mutum yana sauri ya sha wuya. Hausarsu tana da ɗan ja, amma ba abin da ya ɓace mini. Ban da waɗannan, komai irin namu ne: tuwon gero, miyar kuka, rumbu, kiran salla. Wannan ya fi damuna a kan duk abin da ya bambanta. Ina cin tuwo ina tunanin Saje. Na haye teku tare da shi, ashe 'yar wannan tafiya ce ta gagare shi kusan shekara hamsin.

Na yini a Magarya ina tambayar hanya. Alhamis na samu amalanken shanu ya rage mini rabi, na ƙarasa da ƙafa. Rijiyar Ɓaure ƙaramin gari ne. Na tambayi mata a bakin rijiya gidan Gwamma, suka nuna mini, suka ce tana nan da ranta. Na yi hamdala. Na yi sallama, wani magidanci ya fito.

Ya ce, "Ni ne Habu ɗan Nomau. Daga ina?"

Na ce, "Wane Nomau?"

Ya ce, "Ƙanen Gwaggo Gwamma mana."

Na ce, "Ya dawo?"

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Da na yi masa bayani ya ce, "Ai shekara biyu kawai ya yi a wurin aikin Faransa ya dawo. Shi ya haife mu, mu bakwai. Bana shekara huɗu da rasuwarsa."

Na nemi wuri na zauna, ba tare da an ce in zauna ba. Wannan ba halina ba ne.

Habu ya kai ni wurinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa garau. Hancinta irin na Saje ne sak. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, daga wurin Tanko nake."

Mazarin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Yana ina?"

Na ce, "Ya rasu, Inna. Wata biyu ke nan."

"A ina?"

"A Roni."

"Ina ne Roni?"

Habu ya ce, "Kusa da Kazaure, Gwaggo. Tafiyar kwana uku."

Ta ce, "Kwana uku." Ta sake cewa, "Kwana uku." Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Habu, a ba baƙo ruwa."

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ta sa aka kira ni. Na ba ta labarinsa bi da bi: gudu, dako a Kano, shiga soja, aure, Bama, Roni. Da na zo kan addini na ji maganar Malam Buba a kunnena, amma na faɗa. Na ce ya zama Kirista tun yana saurayi, an sa masa suna Bulus, a kan haka ya rayu, a kan haka ya rasu. Habu ya sunkuyar da kai.

Sannan ta ce, "Yana roƙon Allah?"

Na ce, "Safe da yamma, a durƙushe. Ban taɓa ganin ya tsallake ba."

"Yana sa mu a ciki?"

Na ce, "A Bama nakan ji yana ambaton sunaye biyu. Ban san masu su ba sai bana."

Ta ce, "To."

Sai ita kuma ta ba ni nata labarin. Ta ce da Nomau ya dawo ya tarar ba Tanko, bai yi fushi ba, kuka ya yi. Duk shekara in an gama girbi sai ya ɗauki sanda ya tafi Kano cin rani, ba don kuɗi ba, don neman ɗan'uwansa. Ya bi kasuwa, ya bi tashar jirgi, ya bi unguwannin baƙi, yana tambayar Tanko na Rijiyar Ɓaure. Ba wanda ya san wani Tanko. Haka ya yi ta yi har ƙafa ta gaza. Dangi suka ce a yi wa Tanko sadakar mamaci a huta, Nomau ya hana. Ya ce ba za a yi wa mai rai sadaka ba. Har ya kwanta ciwon ajali, in ya ji sallamar baƙo sai ya ce a leƙa a gani.

Na ce, "Inna, ya aiko ni in roƙa masa gafararki."

Ta tattara audugarta ta shige ɗaki.

Kwana biyu ina jira. Habu ya ce in karɓi tasa gafarar a madadin mahaifinsa, don Baba bai taɓa riƙe shi a rai ba. Na gode masa, na ce zan kai, amma wurinta aka aiko ni. Ita kuwa takan sa a kira ni, in zo da sauri ina zaton amsa ce, sai ta yi wata tambaya dabam.

"Ya yi furfura?"

"Fari fat, Inna."

"Yana cin miyar kuɓewa? Da ba ya ci."

Na ce, "Har ya rasu ba ya ci. Cewa yake tana ja masa rai."

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ja'iri." Sannan ta ce, "Wa ya yi jinyarsa?"

Na ce, "Matan cocinsu, suna karɓa-karɓa. Ba a bar shi shi kaɗai ba."

"An yi masa sutura mai kyau?"

"An yi. Ina wurin."

Ta ce in tafi, ta gaji.

Hutuna ya zo ƙarshe. Ran Litinin da safe na ɗaura kayana na je sallama. Na durƙusa na ce, "Inna, zan koma. Me zan ce?"

Ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Duk sojoji haka kuke?"

Na ce, "Shi ya koya mini."

Ta ajiye mazari. Ta ce, "To saurara, tun da ka ce ba ka ragi. Gudun da ya yi, yaro ne, kowa zai gudu. Da ya gaya mini, da ni zan ɗaura masa guzuri. Wannan na yafe, tun a ranar na yafe. Amma zaman da ya yi, kwana uku tsakaninmu, Nomau yana taka Kano da ƙafa, ni ina nan ina tsufa, wannan ba zan ba ɗan aike ba. Ka ce masa sai mun haɗu."

Na maimaita mata maganar don kada in yi kuskure, ta ce haka ne. Ta sa aka ba ni ƙullin gero da zaren da ta kaɗa, ta sa mini albarka. Habu ya raka ni har bayan gari.

Dawowa ba wani labari. Tsohon mai gadi ba ya nan ranar da na wuce. Malam Buba ya tambaye ni ko ta yafe, na faɗa masa abin da ta ce, ya ce shi bai gane ba, yafewa ce ko ba yafewa ba. Ku ma kun yi ta yi mini wannan tambaya. Ban sani ba. Abin da aka ba ni ke nan.

Ban sauka a gida ba sai da na fara zuwa Roni. Maƙabartarsu tana bayan coci, ciyawa ta fara rufe kabarin. Na cire ta da hannu. Na gyara rigata, na haɗa ƙafa, na ce, "Saje, na dawo." Na gaya masa Gwamma tana raye. Na gaya masa Nomau ya dawo, ya haifi bakwai, ya neme shi har ƙarfinsa ya ƙare. Na isar masa da saƙon Habu. Sannan na faɗi amsar Gwamma, kalma bayan kalma, yadda ta ba ni.

Na ci gaba da tsayuwa, ina jiran a ce mini in tafi. Ba wanda ya ce. Da rana ta fara zafi na juya da kaina.